Shari'ar 'Yar Tsanar Barira

An ce wani sarki ne aka yi a wata ƙasa, mai saurin fushi, mai saurin hucewa, wanda ba ya son a kawo masa magana ɗaya sau biyu. Ana nan ana nan sai alƙalin garin ya tsufa, ido ya tafi, kunne ya bi shi, ya aiko da rawaninsa fada ya ce a nemi wani. Sarki ya kira Wazirinsa ya ce ya kawo masa sunan mutum ɗaya, ba biyu ba.

Waziri ya yi kwana uku yana juya maganar, ran na huɗu ya ce akwai wani Malam Tanimu a bayan kasuwa, mai ɗinkin hula, karatunsa ya yi zurfi, amma ba shi da doki, ba shi da bara, ba ya zuwa gaisuwa gidan kowa. Fadawa suka shiga kallon juna, don kowanne da ɗan'uwan da yake so a naɗa.

Sarki ya ce, "Ya Waziri, ka tsaya masa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na tsaya masa da rawanina."

Sarki ya ce, "Na ji. In ya cika mutum, ya sami rawani. In bai cika ba, ka rasa naka."

Kashegari da hantsi aka aiki wani tsohon dogari ya kira malamin. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo shi kaɗai, yana ta cizon leɓe don kada dariya ta kufce masa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce malam ya ce a gai da sarki, a kuma ba shi haƙuri, yana tsakiyar shari'a ne, in ya gama zai zo. Sarki ya tambaya wace irin shari'a ce ake yi a garinsa bai sani ba. Dogari ya ce shi dai abin da idonsa ya gani, malam na zaune dirshan a ƙasa a gindin durumin ƙofar gidansa, 'ya'yansa mata uku sun kewaye shi, ƙaramar ta ɗaura masa ɗankwalin uwarta a ka, kuma rigimar da ake yi a kan 'yar tsana ce.

Fada ta ɗauki dariya. Waziri kuwa ji ya yi rawaninsa ya yi masa sako-sako a ka, kamar har an fara kwance shi. Shekara goma sha tara yana ɗaure da shi, ga shi yau 'yar tsana za ta raba su. Ya matsa ya roƙi sarki abu ɗaya, kada a yanke masa hukunci da bakin dogari, a je a gani. Sarki ya ce zai je, ba don komai ba sai don ya ga mutumin da ya ajiye kiransa ya ɗauki wasan yara. Ya sa wata riga marar ado, suka fita su biyu a ƙasa.

Suna karya kwanar kasuwa sai ga durumi, ga malam, ga ɗankwali a kansa kamar yadda aka faɗa. An jera sakaina a ƙasa, wannan da tuwon ƙasa, wannan da miyar ganye, an zuba tsakuwa a kai a matsayin nama. Babbar yarinyar, Barira, shekararta tara, tana zaune a gefe da hannu a cinya. Ta tsakiya, Kulu, ta rungume 'yar tsanar a ƙirji, fuska duk sawun hawaye. Ƙaramar, Lanti, ta haye ƙafar ubanta tana ta tuƙa tuwo da kara.

Malam ya gane sarki, ya yunƙura zai tashi, Lanti ta ce kada ya motsa, murhu zai rushe. Dole daga zaune ya yi gaisuwa. Ya gaya wa yaran su gai da sarki. Barira ta durƙusa har ƙasa. Kulu ta dube shi sama da ƙasa ta tambayi ina dokinsa. Lanti kuwa ta ce ai ita ce sarki yau, jiya Kulu ta yi, shi sai dai ya jira gobe.

Waziri ya runtse ido. Da ya buɗe sai ya ga sarki ya zauna a kan tushen durumi, Kulu har ta kawo masa sakaina cike da tuwo, ta zaɓo masa tsakuwar da ta fi kowacce girma. Sarki ya riƙe abin bai san yadda zai yi da shi ba. Lanti ta ce ba haka ake ci ba, ta nuna masa: a gutsura, a kai kusa da baki, a motsa baki, a jefar ta baya, sannan a ce gishiri ya ji. Sarki ya yi yadda aka ce. Kulu ta zo ta jingina da gwiwarsa kamar ta shekara da saninsa.

Sannan sarki ya juya wajen malam. "Wa ya naɗa ka alƙali a ƙasata?"

Malam ya ce, "Ya sarki, wanda ya ba ka gari shi ya ba ni waɗannan ukun. Bambancinmu kawai, naka talakawan a gidajensu suke kwana, nawa a kan ƙafata."

"Da kiran sarki da 'yar tsana, wanne ya fi nauyi?"

"A wurinka kiran, a wurinsu 'yar tsanar. Kai in na makara fushi za ka yi, kana da gari guda da zai ba ka haƙuri. Su kuwa duk abin da suka mallaka a duniya shi ake ja."

Sarki ya tambayi tun yaushe ake zaman. Malam ya ce tun bayan an sha koko, sai dai ana yi ana tashi, don an je an ɗebo ruwan miya sau biyu, an kuma yi biki ɗaya a tsakani. Sarki ya yi dariya ya ce shi da ke raba rigimar fatake da masu gari kafin a ɗaga tabarma, wannan ai kafin yawu ya bushe ya gama ta. Malam ya ce bismilla, ga wuri.

Waziri ya leƙa ya ga abin da ake rigima a kai. Ƙashin ƙafar rago ne, an kankare shi fes, an yi masa kitso da baƙin zare, an ɗaura masa tsumman atamfa, har da jigidar 'ya'yan kuka. Aikin hannu ne na mai haƙuri.

Sarki bai gama tambaya ba Kulu ta ɓalle da magana. Tata ce, ita ta kwana da ita, ita ta yi mata wanka, ita ta raɗa mata suna, Yaya kuwa mugunta ce kawai. Kafin ta kai ƙarshe kuka ya zo, irin wanda ke sa kaji su watse. Sarki ya tambayi Lanti, a matsayin shaida, ta wa ce. Lanti ta ce ai tata ce, ita Lanti. Daga cikin gida kuma sai muryar uwarsu, Hansai, ta ƙetaro katanga tare da ƙarar taɓarya, tana cewa don Allah malam ya ce a bar wa yarinyar nan ko unguwa ta huta.

Sarki ya dubi Barira. "Ke ce babba ko?"

Ta ce, "Ni ce."

"To ki yi haƙuri ki bar wa ƙanwarki. Babba ba ya ja da yaro."

Barira ta ce to. Ba ta yi kuka ba, ba ta tura baki ba. Ta tashi ta koma jikin katanga, ta ba su baya, ta shiga tattara sakainar da aka gama da ita tana jerawa ɗaya kan ɗaya. Kulu kuwa nan take kuka ya ɗauke kamar an toshe tulu.

Sarki ya buɗe hannu ya ce wa malam ya gani, an yi shiru. Waziri ya fid da rai. Abin da ya gagari mutuminsa tun safe, ga shi an gama shi cikin numfashi uku. Hannunsa har ya kai gefen rawani, gara ya kwance da kansa da a kwance masa.

Malam ya cire ɗankwalin daga kansa, ya ninke shi a hankali. Ya ce, "Ya sarki, shiru kam an yi. Amma 'yar tsanar ta wa ce?"



Malam ya ce wannan hukuncin tun da safe yake da shi a hannu, uwarsu ma ta miƙo masa shi ta kan katanga sau uku, kuma babu gidan da ba a yanke shi kullum a garin nan. Ya ƙi shi ne don ya san abin da zai haifa. Wannan za ta koyi cewa makogwaro ke kawo abu, waccan za ta koyi cewa gaskiyarta ba ta da amfani muddin akwai mai ihu a kusa. Kuma dukansu biyu da wannan karatun za su girma, su shiga gidajen mutane da shi.

Sarki ya daɗe yana kallon bayan yarinyar. Sannan ya tambayi sunanta. Malam ya yi murmushi ya ce 'yar fari ce, bakinsa ba ya iya kama sunan, shi Yayarsu yake ce mata. Lanti ce ta faɗa da ƙarfi. Sarki ya kira ta, ta zo ta durƙusa, ya ce ta gaya masa yadda aka yi tun daga farko.

Ta faɗa a hankali, idonta a ƙasa. Da Sallah ta roƙi ƙashin a wajen Inna, ta kankare shi da wuƙa har ta yanke yatsa, zaren kuma ragowar na hular Baba ne. Shekaranjiya ana yi wa Kulu kitso tana ta ihu, mai kitso ta ce za ta tashi, sai ita Barira ta ba ta 'yar tsanar ta riƙe don ta zauna. Sarki ya juya ga Kulu ya tambaye ta da aka gama kitson me ya faru. Kulu ta ce Yaya ta ce ta kawo, ita kuma ta gudu bayan rumbu.

Sarki ya ce wa Barira, "Me ya sa ba ki faɗi haka ɗazu ba?"

Ta ce, "Ba a tambaye ni ba. Cewa aka yi ni ce babba." Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara da cewa, "Ni ba hana ta zan yi ba. So nake a ce tawa ce."

Waziri ya ga fuskar sarki ta sauya irin yadda bai taɓa gani ba a fada. Sarki ya miƙa hannu ya ce Kulu ta kawo. Ta ƙi. Ya sake cewa, ta ƙi. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa abin a hannun Barira, ya ce a gaban ubanta da Waziri da duk mai ji, wannan 'yar tsana ta Barira ce, kuma shi ya yi kuskure a hukuncin farko, ta yafe masa.

Abin da ya biyo baya kuwa sai wanda ya gani. Kulu ta zube ƙasa tana birgima, tana shure-shure, ta yi fatali da tuwo da miya, ta ce wannan ba sarki ba ne, kuma ba ta ƙara ba shi nama. Maƙwabta suka fara leƙowa. Taɓaryar Hansai ta tsaya. Sarki ya dubi malam yana neman agaji, malam ya ɗauko hularsa da allura ya ci gaba da ɗinki. Haka sarki ya zauna cikin wannan kuka, gumi na bin wuyansa, bai janye maganarsa ba.

Barira ta riƙe 'yar tsanarta, ta gyara mata zane, ta warware kitson da ya cukurkuɗe ta sake shi, ba ta yi sauri ba ko kaɗan. Sai da kukan ya gaji ya koma shessheƙa, sannan ta ce Kulu ta juyo, ta ɗora mata a baya, ta ɗaure da ɗankwalin. Ta ce goyo ne ta ba ta zuwa la'asar, kuma in ta gudu bayan rumbu ba ta ƙara ba ta. Kulu ta ce to.

Sarki ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce wa Waziri ya sauke hannunsa daga rawani, ba mai taɓa shi. Ya ce wa malam gobe ya zo fada a naɗa shi, in kuma wata shari'ar ta riƙe shi a gida, fada za ta jira.

Sarki da Waziri suka kama hanyar komawa har suka wuce kasuwa. Sannan ya ce, "Ya Waziri, shekara ashirin ina duba masu ƙara biyu, in zaɓi wanda ya fi kunya in ce ya yi haƙuri, a tashi ana yaba mini saurin hukunci. Mutum nawa ne suka ce mini to, suka juya baya suka tafi?"

Waziri ya ce Allah kaɗai ya san yawansu.

Sarki ya ce to a rubuta a ƙofar ɗakin shari'a, inda shi da alƙali za su riƙa gani kullum: wanda ya ba mai kuka don a yi shiru, kunnensa ya yi wa adalci, ba mutane ba.