Ranar da Dorina Ta Ƙi Kanta

An yi wani tafki can cikin daji, sunansa ya shige mini yanzu, amma ruwansa na da daɗi. Dabbobin da ke sha a nan suka gaji da faɗa, suka kafa majalisa a gindin wani gamji. Zalɓe ne magatakarda, saboda ya iya tsayawa da ƙafa ɗaya yini guda bai faɗi komai ba. Dorina da Kada kuwa, da yake su ne ƙarfafa, aka ba kowannensu kujerar naƙi. Ko duk daji ya yarda da magana, in ɗayansu ya ce ya ƙi, ta mutu.

Kar a ce majalisar banza ce. Ita ta sasanta agwagi da kwaɗi, ita ta tsara wa barewa da gwanki lokacin shan ruwa. Muddin rigimar ta ƙanana ce, kafin azahar an gama.

To, akwai Ƙaguwa, mai naci, da raminta a gaɓar tafki da 'ya'yanta arba'in, ko hamsin ne. Ta kan rufin ramin nan Dorina ke bi kullum in za ta kiwo. Da aka murƙushe mata 'ya'ya bakwai, sai ta taho a karkace ta kai ƙara.

Zalɓe ya saurare ta da kyau, ya kafa kwamiti. Kwamiti ya nuna damuwa. Da aka taka wasu uku, ya nuna matuƙar damuwa. A zama na uku aka rubuta takardar Allah wadai da ƙafar da ta yi takun, ba tare da an faɗi ƙafar wa ce ba.

"Na ƙi," in ji Dorina, tana hamma.

"Ranki ya daɗe, ai ba a ambaci sunanki ba," in ji Ƙaguwa.

"Ke 'yar karkace, ƙafar ta yi kama da tawa."

Daga ran nan, da Dorina ta ga Ƙaguwa ta ɗaga hannu, ba ta jiran karatu, ƙi kawai take yi. Ƙaguwa ta koma tana ƙirga 'ya'yanta safe da yamma.

Rani ya yi tsanani, ruwa ya ja da baya. Wata safiya Dorina ta zurma cikin taɓo har wuya, ta yi ta ɓaɓatu a zo a cece ta. Majalisa ta taso ta zauna kusa da ita, tunda zama ba ya halatta sai da manya. Kada ya ce shi ɗan ba-ruwanmu ne, ya lumshe ido.

Ƙaguwa ta san dangin nan nata za su iya haƙa kwata ruwa ya shigo taɓon ya saki. Ta kuma san damarta ke nan. Ta raɗa wa Zalɓe shawararta ya rubuta, sannan ta ɗaga hannu. Zalɓe ya gyara murya ya fara da cewa Malama Ƙaguwa na roƙon majalisa.

"Na ƙi!" Dorina ta daka tsawa.

Zalɓe ya rubuta, ya naɗe takarda. Can Dorina ta tambaya wai me ma aka kawo. Ya ce shawarar haƙa kwata ce a fitar da ita, da sharaɗin ta sauya hanyar kiwo.

"To na janye, Malam. A sake karantawa."

"Ranki ya daɗe, abin da aka ƙi ba ya dawowa sai bayan kwana uku. Doka ce, kuma ba mu da ikon taka ta. Ba mu da irin ƙafarki."

Kwana uku Dorina ta yi a rana, bayanta na tsagewa, ƙudaje na biki a kanta. Majalisa ba ta yi sakaci ba, kullum takan aiko mata da jaje a rubuce.

A rana ta huɗu Zalɓe ya karanta takarda a hankali, har da maimaita sharaɗin. Ƙaguwa na kallon leɓen Dorina yana rawa don sabo, amma bakin bai buɗe ba. Ƙaguwoyi suka haƙa, ruwa ya shigo, Dorina ta fito tana tangaɗi, ta bi ta yamma, nesa da ramin.

Ƙaguwa ta nemi a yi maganar 'ya'yanta goma da suka mutu. Zalɓe ya ce za a kafa kwamiti.

Darasin wannan labari shi ne, yara, majalisa na iya kashe wutar ƙanana, amma babba ba ya jin dokarta sai ranar da shi ma yake bukatar a ciro shi. Kuma wanda ya saba ƙin magana kafin ya ji ta, wata rana cetonsa zai ƙi.