Kyamarar da Ta Tsaya Ta Saurari Kaka

Akwai wani saurayi da abokansa ke kira Darakta, ko da yake bai taɓa shirya fim ko ɗaya ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, ko hotonsa babu a gidan. Wadda ta rage da labarinsa ita ce Kaka, mahaifiyar marigayin, ita kuwa tsufa ya fara kwashe mata tunani. Wata safiyar ta tashi garau, wata safiyar ta nemi tabaraunta alhali yana kan hancinta.

Sai Darakta ya ƙudura zai yi ɗan fim a kan mahaifinsa, daga bakin Kaka, tun kafin labarin ya tafi.

Kyamara biyu aka yi masa tayin aro. Abokinsa yana da babba mai dogon ido, wadda ake kira DSLR, mai fito da fuska tas, bayan mutum ya yi dishi-dishi. Maƙwabcinsu Baba Mai Bidiyo, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar bukukuwa, ko ma fiye, lissafin ya ƙwace mini, ya kawo 'yar kamkodarsa ta hannu.

Darakta ya yi dariya. "Baba, fim fa zan yi, ba ɗaurin aure ba."

"Taka ta fi kyawun hoto, ban musa ba," in ji Baba. "Amma ba ta da haƙuri. In ta daɗe tana ɗauka sai ta yi zafi ta tsaya. Tsoho kuwa ba ya magana a kan agogo."

"Zamani ya wuce nan, Baba."

"To, bar ni in zo kallon zamani."

Ranar ɗauka, Darakta ya janye gadon Kaka, ya zaunar da ita kusa da taga, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku.

"Amarya, kar ki motsa, za ki fita daga saiti."

"Kai, mijin banza," in ji Kaka. "Ka kafa mini bindiga a gaba, ka ce in yi hira?"

"Gaya mini, yaya Babana yake?"

"Mutumin kirki ne."

"Sai kuma me?"

"Allah ya jiƙansa."

Haka suka yi ta fama. In ta sunkuya sai ya ce ta ɗago, in ta juya sai ya ce a sake. Can kyamarar ta nuna alamar zafi, ta ɗauke. Darakta ya cire ta, ya fita da ita inuwa yana yi mata fifita da kwali, idonsa cike da ƙwalla. Ya san ba kullum ake samun safiya irin wannan ba.

Shi kuwa Baba yana da wata al'ada ta aiki: ba ya kashe kyamara don an ce an gama. Yana zaune a kan tabarma, kamkodar a kan gwiwarsa.

Kaka ta nuna ta da baki. "Wannan 'yar tana ji?"

"Tana ji, Iya. In kashe?"

"Bar ta. Ita ba ta zare mini ido."

Da Darakta ya dawo bakin ƙofa, sai ya ji Kaka tana dariya. Tana ba da labarin yadda ɗanta ya kwance rediyon gidan yana ɗan shekara tara, ya mayar, ƙusa uku suka yi saura, ya ce dama ba su da aiki. Da hagu yake rubutu. In zai yi ƙarya sai ya sosa kunne.

"Kamar wancan da ke laɓe," ta ce. "Shigo, ai na ga ƙafarka."

Ya shigo ya zauna a ƙasa. Ta yi fiye da awa guda tana magana, kamkoda tana ɗauka.

Da suka fito, Darakta ya sosa kunne. "Baba, dama na yi niyyar in ce ka kunna."

Baba ya dubi kunnen, suka fashe da dariya.

"Ka yafe mini, Baba."

"Ba komai, ɗana. Gobe ka kawo taka da sassafe. Hannun Iya da tsohon rediyon nan, tawa ba za ta fito da su kamar taka ba."

Haka fim ɗin ya haɗu, kowace kyamara da aikinta. Yanzu akwai ranakun da Kaka ba ta gane kowa. In aka kunna mata shi, sai ta matso, ta kasa kunne, ta yi murmushi ta ce, "Wannan tsohuwar ta san ɗana."

Darasi: Kafin ka zaɓi kayan aiki, ka dubi wanda za ka yi wa aikin, kuma kada ka raina wanda ya riga ka daɗewa a cikinsa. Ku tura wa duk mai tsoho a gida, ya je ya zauna ya saurare shi yau.