Shaya Ta Ƙi Shari'ar Inuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, kun san Shaya? Tsuntsuwar nan mai ido kamar an ɗiga manja, mai taku ɗai-ɗai ƙirji a gaba, mai surutu tun kafin a tambaye ta. Ita ce.

A bakin gonar wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla, akwai wani babban ɓaure. A kogonsa Shaya ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, ko gashi ba su yi ba. A gindin ɓauren kuma akwai ramin Kurege.

Ruwan shuka ya sauka, Gwaggo Tasalla ta shuka gyaɗa. Kashegari ta tarar an tone. Ta sake shukawa, aka tone. Ta sake, aka tone. Iri ya ƙare. Ta ɗora hannu a ka, ta nufi gidan mai gari.

Ashe Kurege ya riga ta isa. Marar kunya! Ya rantse shi da idonsa ya ga ɓarawon har sau uku, kullum da rana tsaka. Ya ce tsuntsu ne baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma a ɓauren nan yake kwana.

Mai gari bai wahalar da kansa da bincike ba. Ya ce a gaya wa Shaya ta bar garin, don za a sare ɓauren.

Aka je aka gaya mata. Ta ce, "Ba ni tashi. 'Ya'yana ba su yi fiffike ba, ni kuwa ban ci gyaɗar kowa ba."

Aka koma, wannan karon da gatari a kafaɗa. Ta leƙo daga kogo ta ce, "Ba ni tashi. In za ku sare, ku sare da ni a kai."

Aka koma na uku. Me ta ce, yara?

Ba ni tashi!

Haka ta ce. Ta ƙara da cewa ita da ƙafarta za ta zo gaban mai gari, a faɗa mata laifinta ido da ido.

Mutanen garin nan suna da wata al'ada. Ba sa shari'a sai a ƙuryar zaure, inda rana ba ta leƙawa, don kada manya su yi gumi. Shaya ta shiga, dattawa suka dube ta a duhun nan, suka gyaɗa kai. Suka ce lallai baƙa ce.

Shaya ta ce abincinta fara ne da gara da 'ya'yan ɓaure. Farar da ke lalata gonar Gwaggo, wa yake tsince ta in ba ita ba? Suka ce sun ji, amma dai baƙa ce.

Ta ce su je su duba ramukan da aka tona, su ga ko aikin baki ne ko na farce. Suka ce rana ta yi zafi, kuma dai baƙa ce.

Ran Shaya ya ɓaci ƙwarai, don tana jin kukan 'ya'yanta a zuciyarta. Sai ta hangi wani dattijo a bakin ƙofa, Sallau marini, hannayensa shuɗi har gwiwa.

Ta ce, "Baba Sallau, in an tsamo zane daga karofi, a ina kake duba rininsa?"

Ya ce, "A rana mana, 'yar nan. Wa yake duba rini a inuwa?"

Ta ce, "To ni ban kai zane daraja ba?"

Ta nufi ƙofa. Mai gari ya daka tsawa, ya ce ba a ba ta izinin fita ba. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta taka ɗai-ɗai har tsakiyar fili, ta buɗe fukafukai. Rana ta sauka a kanta. Sai ga shuɗi, ga kore, ga wani ja-ja a ciki, tana sheƙi kamar zanen turkudin da ya sha bugu. Dattawa suka fito suna kare ido da hannu, Kurege na biye da su.

Shaya ta juya ta ce, "Kurege, ka ce da rana tsaka ka gan ni. Ga rana tsaka. Ina gindin tukunyar?"

Kurege ya ce ai ranar akwai hadari. Aka ce har sau uku? Ya ce ai idonsa ke ciwo. Aka ce ba kai ka rantse da shi ba? Sai ya ce bari ya je ya dawo.

Gwaggo Tasalla ta riga shi, fartanya a hannu. Sara uku ta yi a bakin raminsa, sai ga irin gyaɗarta tuli guda.

Mai gari ya yi gyaran murya, ya ce ya yafe, Shaya ta zauna a ɓaurenta. Ta dube shi da idon nan nata ta ce, "Ranka ya daɗe, da ma ban tashi ba."

Shi ya sa har yau za ku ga Shaya ta hau ƙololuwar itace da rana, tana ihu kowa ya dube ta da kyau. Kurege kuwa ya miƙe tsaye ya yi waige-waige, da ya ga mai fartanya sai rami. Ku kuma, kada ku yarda a yanke muku hukunci a inuwa, kada ku yanke wa wani.

Ƙurunƙus, kan kurege.