Matar da ta shayar da ango da amarya

Ƙanwata Kulu ce ta fara ba ni labarin nan, tana yi tana rufe fuska da mayafi, don gidan amaryar maƙwabtanta ne.

A garinsu akwai ɗakin karatu da ke adana muryoyin tsofaffi a kwamfuta. Mutum uku ke aikin.

Barira ce mai shiga gidaje da na'urar ɗaukar murya. Ta zauna da wata tsohuwa, Iya Mai Koko, har tsohuwar ta saki jiki ta ce ta taɓa shayar da wani maraya, Lawwali, da uwarsa ta rasu. A wata unguwa kuma wata kaka ta gaya mata cewa lokacin da surukarta ta kwanta ciwo, wata mata Tasalla ce ta shayar mata da jikarta Hansatu. Yanzu duk tsofaffin biyu sun rasu.

Malam Tukur shi ke tsara yadda za a ajiye komai: wannan mutum ne, wannan gari ne, ga irin dangantakar da ke tsakaninsu. Tsarin da aka kawo masa daga waje haihuwa da aure kawai ya sani. Ya ce a nan nono ma zumunci ne, ya ƙara masa gurbi.

Nafi'u kuwa shi ke ƙulla zare tsakanin sunaye a kwamfutar. Kun san mace, sunanta na gidan uba daban, na kasuwa daban. Ya bi ya tambaya har ya tabbatar Tasalla ita ce Iya Mai Koko, ya haɗe su wuri ɗaya.

Ana gab da ɗaura auren Lawwali da Hansatu, an kai lefe, sai gwaggon amarya ta je ɗakin karatun neman muryar mahaifiyarta, wato kakar nan, don a saurara ranar biki. Aka buga suna. Sai ga zare biyu sun fito daga mace ɗaya, ɗaya ya tafi ga ango, ɗaya ga amarya. Nono ɗaya suka sha, wa da ƙanwa ne.

Aka mayar da lefe a lulluɓe. Hansatu ta daina fita ko ƙofar gida. Uban ango ya ce, "Manya cike da gidaje biyu, babu wanda ya tambaya. Sai kwamfuta."

Ya ware rago zai ba wanda ya raba su da wannan abin kunya, amma har yau yana ɗaure.

Ni dai da na ji, sai na tuna ni ma na shayar da 'ya'yan mutane. Washegari da safe na kira 'yata, na ce ta kunna waya ta ɗauki muryata, na faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da na iyayensu.

To ku, wa za a kwance wa ragon nan: Barira da ta ɗauko maganar, ko Malam Tukur da ya yi wa nono gurbi, ko Nafi'u da ya gane mace ɗaya ce?