Gwauruwar da Ta Rufe Tusar Jaki da Filasta

Akwai wata gwauruwa mai yin ƙuli-ƙuli, da shi take ciyar da kanta da ƙaramar 'yarta. Wata rana wani ɗan tsiro mai kaushi ya fito mata a yatsa, irin wanda ake kira tusar jaki. Ba ya ciwo, amma da hannun nan take murza ƙuli-ƙuli, mutane kuwa suna gani. Sai suka fara wuce farantinta suna kau da kai.

Ta tashi ta tafi kantin magani. Mai kantin ya ba ta filasta mai magani a ciki, ya ce, "Mama, ki jiƙa yatsan a ruwan ɗumi, ki goge, ki manna wannan. Ki riƙa canjawa, kina kankare matacciyar fatar. Zai yi raɗaɗi, zai kuma ɗauki makonni. Kada ki gaji."

Ta manna. Wurin ya yi ta raɗaɗi, fatar ta yi fari ta yi laushi, ya fi dā muni. Sai ta ce a ranta, "Wannan ai ƙara mini ciwo yake yi." Ta ɓare ta yar. Ta je kasuwa ta samo filasta marar magani. Kamanninsu ɗaya, ga shi kuwa ba zafi. Masu saye suka ga yatsa a rufe, suka ce, "Ai tana magani," suka dawo.

Amma abin yana nan a ƙarƙashi. Da ta sosa, ya kama yatsa na biyu, ta rufe. Ya kama bayan hannu, ta rufe. Har hannun ya cika da filasta, ƙuli-ƙuli ya daina murzuwa.

Ran nan 'yarta, wadda kullum take riƙe da hannun nan in za su coci, ta zo ta miƙa tafin hannunta ta ce, "Mama, duba, nawa ma ya fito. Ki sa mini irin naki."

Matar ta dubi hannun yarinyar, ta dubi nata. Ta zauna a ƙasa kusa da turmi ta yi kuka mai zafi, gama ta san abin da take mannawa bai taɓa warkar da kome ba.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: tsiron nan zunubi ne, wanda yakan fara ɗan ƙarami. Filasta mai magani Maganar Allah ce, takan yi zafi domin tana cin abin da ya kamata ya mutu. Filasta marar magani kuwa ita ce ibadar ganin ido: kayan Lahadi, waƙa da ƙarfi, "Lafiya lau" a bakin ƙofar coci.

Abin baƙin ciki, yawancinmu mun riga mun zaɓa. Mun ɗanɗana tuba, ya yi mana zafi, muka ɓare. Shekara da shekaru muna rufe fushi, da ƙarya, da ƙiyayyar ɗan'uwa, har mun manta yadda lafiyayyen hannu yake. Fasto bai gani ba, maƙwabta ba su gani ba. Amma 'ya'yanmu suna riƙe da hannun nan kowace rana. Sun ɗauki ciwon, yanzu kuma suna roƙonmu mu koya musu yadda ake ɓoyewa.

Mai maganin, wato Allah, bai rufe ƙofarsa ba tukuna. Amma ba ya sa magani a kan filasta. Sai an ɓare.