Gindin Tsibi

Akwai wata dattijuwa a Maigatari mai suna Kande. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana tsintar zoɓo a rumfar Alhaji Hudu, kuma da wannan aikin take riƙe jikokinta biyu marayu.

Duk mai tsinta ta san saman tsibin zoɓo daɗin aiki gare shi. Gindin tsibi kuwa ƙasa ce da tsinke da tsakuwa. Kande ce kullum take jan gindin gabanta, ta bar wa sauran mata sama.

"Ku bar min," take cewa, "ba ku da haƙurinsa."

A lokacin, kuɗin yini ake biya, kowa daidai.

Da Alhaji ya kwanta ciwo, ɗansa Jamaluddeen ya karɓi rumfar, ya zo da sikeli. Ya iya lissafi, wannan ban musa ba, amma bai taɓa zama kan tabarmar tsinta ba.

"Daga yau kowa kilonta ne kuɗinta," ya ce. "Rakiyya tana tsince kilo talatin, ke Iya Kande goma. Ina adalci a ba ku daidai?"

"Ɗana, ka dubi abin da nake tsinta mana."

"Sikeli zan duba, Iya."

Kande ta waiwaya ta dubi matan da ta yi shekaru tana ɗauke wa wahala. Kowacce ta sunkuyar da kai. Wallahi shirun nan ya fi maganar Jamaluddeen yi mata ciwo.

Washegari aka koma kokawa a kan saman tsibi. Kande ba ta da ƙarfin turereniya, sai gindin dai, ga kuɗin bai kai na cefane ba. Bayan sati biyu Jamaluddeen ya ce tana tare wuri. Ta ɗauki faifanta ta tafi.

To, wa zai tsince gindin? Ba kowa. Sai matan suka riƙa juye shi cikin buhu, tunda ƙasa nauyi gare ta, sikeli kuma bai san bambanci ba. Kilo ya ƙaru, Jamaluddeen har yana yaba kansa.

Da kaya suka isa Kano, mai saye ya buɗe buhu uku, ya ce a mayar da motar yadda ta zo.

Jamaluddeen ya aiki Rakiyya garin Sule Tankarkar, inda Kande ta koma gidan ƙaninta tana surfen ƙwadago. Jikokin nan kuwa tuni dangi sun raba su, ɗaya Gumel, ɗaya Gagarawa.

"Iya, ya ce ki yi haƙuri ki dawo."

Kande ba ta ajiye taɓarya ba.

"Rakiyya, ran nan bakinki ciwo yake yi?"

Kande ta ci gaba da surfenta, ta ƙara da cewa:

"Je ki ce masa ya ba sikelinsa ya tsince."

Darasi: Biyan mutum gwargwadon aikinsa daidai ne, amma ka san nauyin aikin kafin ka auna shi. Kuma in ana tauye wanda ya rufa maka asiri, shirunka ma zalunci ne. Ku tura wa duk mai ɗaukar ma'aikata.