Dutsen Sama na Baba Ilu

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma ku ne alƙalanta.

An yi wani direban babbar mota, Baba Ilu, mai 'ya'ya mata uku: Uwani, Hansai da Tasalla. Tun yana saurayi, wata rana da hantsi a hanyar arewa, ya ga wuta ta tsaga sama ta faɗi bayan wani tudu. Maigidansa ya hana shi tsayawa. Shekara arba'in abin yana ransa.

Da ya ajiye tuƙi, sai ya fara neman dutsen sama, irin wanda ya ga ya faɗo da wuta ran nan. Ya cire mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo, ya ɗaure a bakin sanda, yana bin gonaki bayan girbi. Ya haddace alamomin da ya ji a bakin masana: baƙi kamar gindin tukunya, nauyi fiye da girmansa, babu huda, kuma yana kama mayen ƙarfe. Mai shayin unguwa kan leƙo ya ce, "Alhaji, yau tauraro nawa aka kamo? A soya ko a dafa?" Shi kuwa abin da yake kwasowa bai wuce marmara da kashin maƙera ba, ragowar ƙarfen da maƙeran dā suka zubar.

Ana haka ciwo ya kwantar da shi, ido ya tafi. Ya daina cin abinci. Abin da yake faɗa kawai shi ne, "In riƙe guda ɗaya a hannuna, shi ke nan."

Uwani, babbar, ita ke jinyarsa. Da ta ga kwana biyar ko kunu bai sha ba, ta zaɓi kashin maƙera mai nauyi, ta goge shi a dutsen niƙa har ya yi sumul, ta shafa man gyaɗa ta ƙona. Ta sa masa a tafi ta ce, "Baba, wani makiyayi ne ya tsinto." Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Uwani, akwai sauran tuwo?" Kwana arba'in ya ƙara yana ci yana hira. Ba don ita ba, da a makon nan aka binne shi.

Hansai, ta tsakiya, malamar kimiyya ce a wani gari. Da ta zo hutu, kallo ɗaya ta yi wa dutsen ta gane. Uwani na ta ƙifta mata ido. Uban ya kamo hannunta ya ce, "Ke tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Na sama ne?" Ta ce, "Baba, na ƙasa ne." Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Uwani ta ce, "Sannu, Malama. An ci jarrabawa." Amma washegari ya kira Hansai, ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: sunan rijiyar da ke kusa da tudun nan, da gefen da wutar ta faɗi. Ba don ita ba, da maganar ta bi shi kabari.

Tasalla, autar, ta ji kwatancen wurin a bakin Hansai. Ta bar goyonta wajen uwar mijinta, ta ɗauki sandar mayen ƙarfen, ita da mijinta suka hau mota. Da za su fita, uban ya ce, "Auta, zauna kusa da ni." Ta ce, "Yanzu zan dawo, Baba." Kwana goma sha tara tana jan sanda cikin rairayi, leɓɓanta suka tsage, nononta ya ƙafe. Rana ta ashirin wani abu ya manne: baƙi, sumul, bai fi ƙwan zabo ba, amma ya nauyaya mata hannu. Ta ƙulle shi a bakin zane suka kamo hanya. Suna shigowa unguwa, maza na dawowa daga maƙabarta. Ba don ita ba, da dutsen na can har gobe.

Bayan sadakar bakwai, Hansai ta gwada shi ta ce na sama ne. Baffansu, ƙanen marigayin, ya tara su, ya ce Ilu ya bar wasiyya: in an samu dutsen kada a fasa shi, kada a sayar, a ba wadda ta fi yi masa.

Uwani ta ce, "Ni na ga dariyarsa ta ƙarshe." Hansai ta ce, "Yaya, da ƙarya kika saye ta." Uwani ta ce, "Ke kuma da gaskiya kika kashe ta." Tasalla dai kuka take, tana tambayar sau nawa ya kira sunanta ba ta nan. Babu wadda ta yarda ta gaya mata.

Baffa ya sa dutsen a aljihu, ya tashi bai yanke ba.

To, ku da kuka ji, in ku ne Baffa, a tafin wa za ku ajiye shi: wadda ta ƙara masa kwana da ƙarya, ko wadda ta sa shi kuka da gaskiya, ko wadda ta samo abin da yake so amma ta bar shi ya mutu yana kiranta?